Yadda za ka ajiye fulawa a cikin gida ba tare da ta cutar da karenka ba

Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya turo min hoton tukunyar fulawa yana cewa don Allah duba min, wannan tana da illa ga kare? Wasu kuma sai bayan karen ya riga ya tauna ganye yana ta dalalar da yawu sannan hankali ya tashi a fara neman sani. Shi ya sa na ga gara in zauna in jero abin daga farko har ƙarshe yadda ni kaina nake yi. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: ba duk shuka mai guba ce take kisa ba, akwai wadda iyakarta ƙona baki da amai, akwai kuma 'yan kaɗan da ƙwallo ɗaya ko biyu ya isa ya kashe kare, kuma aikin gaba ɗaya shi ne ka san wacce ce wacce a gidanka.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: wayarka, takarda da biro, abin awo, safar hannu ta roba, ledar shara mai kauri, sai kanta ko ƙugiyar rataya idan aikin ya kai ga haka.

1. Zagaya gidan ka ƙirga

Ɗauki waya ka shiga ɗaki ɗaki, falo, kicin, bandaki, baranda, bakin taga, har da wadda aka manta a bayan labule ta bushe. Kowace tukunya ka ɗauke ta hoto 3: ɗaya gaba ɗayanta, ɗaya ganyen daga kusa, ɗaya kuma furen ko 'ya'yan in akwai. Ka ba kowace lamba ka rubuta a jikin tukunyar.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da abin da ba a tukunyar ƙasa yake ba. Furen da aka yanko aka sa a kwalbar ruwa, reshen da ka tsoma a kofi kana jira ya yi saiwa, kawunan fulawa masu kama da albasa da ka ajiye a leda kana jiran lokacin shuka, duk ka sa su a lissafi. Su waɗannan kawunan ma sun fi ganyen haɗari domin a cikinsu gubar ta fi taruwa, ga shi kare yana ganinsu kamar ƙwallon wasa.

2. Nemo sunan gaskiya na kowace

Nan ne mutane suke gaggawa, kuma nan ne gaggawa take cutarwa. Sunan da mai sayar da fulawa ya faɗa maka bai isa ba, sunan kimiyya na Latin kake nema, mai kalma biyu. Dalili kuwa shi ne shuke-shuke da yawa sunansu na kasuwa ɗaya ne ko kusan ɗaya amma ba dangi ba ne sam. Misali Cycas revoluta da ake ce wa sago, kamanninta na ƙaramin dabino ne, mutane suna ɗaukarta dangin dabino, alhali ba ta da alaƙa da shi, kuma tana cikin mafi muni ga kare. Ita kuwa areka, Dypsis lutescens, dangin dabinon ce ta gaske kuma ba ta da guba. In ka gansu a wurin mai fulawa suna ƙanana kana iya rikita su.

Sa hotunan a manhajar gane shuka, irin su PlantNet ko Google Lens, amma kar ka yarda da amsa ɗaya. Gwada da hoton ganye, ka sake gwadawa da na fure, ka kwatanta da idonka. In ka samu sunan sai ka duba shi a jerin ƙungiyar ASPCA ta Amurka mai hana zaluntar dabbobi, suna da dogon jeri a intanet na shuke-shuke masu guba da marasa guba, an ware na kare daban, na kyanwa daban, na doki daban, kuma dubawa kyauta ne.

Gargaɗi: tabbatar ɓangaren kare kake karantawa. Furen lili na asali, dangin Lilium, yana lalata ƙodar kyanwa har ya kashe ta, amma kare yawanci ɓacin ciki kawai yake sa masa. To in kana da kyanwa ma a gidan sai ka duba duka biyun. Duk shukar da ka kasa gane sunanta, ɗauke ta a matsayin mai guba har sai ka tabbatar.

3. Raba su kashi uku

Wannan shi ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kashi na farko su ne masu kisa, waɗanda ba su da wurin zama a gidan da kare yake ko a saman silin ne. Sago ce kan gaba: ganye, saiwa, gangar jiki duk guba ne, amma ƙwallayenta sun fi, akwai wani sinadari saikasin a ciki da yake lalata hanta. Abin da ya sa take yaudara shi ne karen zai yi amai cikin 'yan awanni, daga nan ya yi kamar ya warware, sai bayan kwana 2 zuwa 3 hanta ta gaza, idonsa da dasashinsa su yi ɗorawa, jini ya daina daskarewa. Sai oliyanda, Nerium oleander, mai dogayen siraran ganye da fure ruwan hoda ko fari, ita zuciya take kamawa ta rikita bugunta, busasshen ganyenta ma gubar tana nan, har ruwan kwalbar da aka tsoma reshenta. Kariya, Adenium obesum, mai ƙaton gindi da kyakkyawan fure, danginsu ɗaya da oliyanda kuma ita ma zuciya take taɓawa, ga shi ana yawan sa ta a ƙaramar tukunya a ƙasa. A wannan kashin akwai zurma saboda 'ya'yanta, da azaliya, da Convallaria majalis mai ƙananan fararen furanni kamar ƙararrawa, da Colchicum autumnale. Kalanko, Kalanchoe, yawanci amai da zawo take sawa, amma tana da sinadarin da zai iya taɓa zuciya in an ci da yawa, ni dai a kashi na farko nake sa ta in karen mai tauna ne.

Kashi na biyu su ne suka fi yawa a gidaje, masu wahalarwa amma da wuya su kashe. Difenbakiya mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, filodendiron, fotos mai yaɗo wato Epipremnum aureum, monstera mai tsagaggen ganye, alokasiya, kaladiyam, Spathiphyllum mai farin fure, da Zamioculcas mai ganye mai sheƙi. Duk dangi ɗaya ne, kuma a cikin ganyensu akwai ƙananan allurai na kalsiyam okzalet da ido ba ya gani, kare yana tauna su soke harshe da dasashi da maƙogwaro. Nan take za ka ga yawu yana zuba, yana kai ƙafa baki, yana girgiza kai, ya ƙi abinci. Zafin ne ma yake hana shi ci da yawa. Da difenbakiya na fara sanin wannan a kan karena yana ɗan wata 5, ganye ɗaya ya yaga, ya kwana yana dalala, washegari ya warware, amma daren nan ban rintsa ba domin a lokacin ko sunan shukar ban sani ba. Da wuya dai, amma maƙogwaro yana iya kumbura har numfashi ya yi wahala, don haka kar a raina su.

Har ila yau a kashi na biyun akwai alobera, da sansiberiya mai dogayen ganye a tsaye kamar takobi, da dirasina, waɗannan amai da zawo suke sawa. Crassula ovata mai ƙananan ganye masu kauri tana sa amai da kasala da tangaɗi. Dangin Euphorbia masu fitar da farin ruwa kamar madara in an karya su suna ƙona baki da fata, in ya shiga ido kuwa abin ya fi muni. Kawunan tulif da dafodil da amarilis a saman wannan kashin nake ajiye su, kusa da na farko, saboda in kare ya tono ya haɗiye kai guda ba ƙaramar jinya ba ce.

Kashi na uku marasa guba: Chlorophytum comosum mai siraran ganye da 'ya'ya masu reto, areka, Chamaedorea elegans, Nephrolepis exaltata, kalatiya, maranta, feferomiya, hoya, haworsiya, Echeveria, Pilea peperomioides, Pachira aquatica, Beaucarnea recurvata, da okid irin Phalaenopsis. Haworsiya tana kama da ƙaramar alobera, to in siffar alobera ce take burge ka ga madadinta nan. Amma fa rashin guba ba ya nufin abinci ne, kare ya cinye rabin tukunya dole cikinsa ya ɓaci.

4. Fitar da kashi na farko yau, ba gobe ba

Kulle karen a wani ɗaki tukuna. Sa safar hannu, ɗauki tukunyar gaba ɗaya ka fita da ita, sannan ka dawo ka share wurin tsaf, ka janye kujera ka duba ƙarƙashi domin busassun ganye da ƙwallaye a can suke ɓuya. In kyauta za ka bayar, ba wanda ba shi da dabba ko ƙananan yara, kuma ka faɗa masa gaskiyar dalilin. In zubarwa za ka yi, ƙulle a leda ka sa a abin shara mai murfi wanda kare ba zai iya buɗewa ba.

Gargaɗi: kar ka ƙona oliyanda, hayaƙinta ma yana da illa, kuma kar ka jefa su cikin tarin takin da kake haɗawa a bayan gida. Na san da ciwo mutum ya rabu da sagon da ya yi shekaru yana raino, tana da tsada kuma a hankali take girma, amma kuɗin kwantar da kare a asibiti kan ciwon hanta ya ninka kuɗinta nesa ba kusa ba, kuma duk da jinyar ba kowane kare ne yake tashi ba.

5. Ɗaga na biyu sama, amma da awo

"Ai na ɗora a kan tebur" ita ce maganar da na fi ji daga waɗanda karensu ya ci fulawa. Riƙe ɗan abinci a sama ka sa karen ya miƙe a kan ƙafafun baya, auna daga ƙasa zuwa hancinsa, ka ƙara aƙalla santimita 30 a kai. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar tsayin da ganyen da ya fi saukowa zai tsaya, ganyen fa, ba gindin tukunya ba. Masu yaɗo irin fotos da filodendiron kullum ƙasa suke nema, yau sun yi nisa, bayan wata biyu ga reshe nan yana lilo daidai bakinsa, ya ja shi tukunyar ta biyo baya. Sai ka riƙa datsewa ko ka naɗe reshen sama.

Bayan awo sai ka duba matakala. Kujera, gado, akwati, bakin taga, duk abin da zai taka ya hau ka matsar da shi nesa da kantar. Kanta a kafe ta da bango da ƙusoshi masu kyau, ƙugiyar rataya kuma ta shiga katako ko kankare, kar ka maƙala ta a silin mara ƙarfi, ka tuna tukunya tana ƙara nauyi sosai in an yi ban ruwa.

Manyan da ba sa ratayuwa, kamar ƙatuwar monstera ko difenbakiya mai tsayin mutum, mafita ɗaya ce: ɗaki mai ƙofa da ake rufewa, ko ɗan shingen nan da ake tare yara da shi. Rufe ƙofa ba ya cin ko sisi kuma ya fi kowace dabara aiki, matsalarsa kawai mutanen gida su manta, don haka a faɗa wa kowa har baƙi. Sannan kullum da safe ka tsince ganyen da ya faɗo kafin ka sako karen.

6. Duba abin da ke cikin tukunyar

Wannan matakin mutane ba sa kawo shi a rai, alhali sau da yawa ƙasar ce take jan kare ba ganyen ba. Takin garin ƙashi da na busasshen jini da na kifi ƙamshin abinci suke yi masa, zai tone tukunya ya cinye, garin ƙashi kuma yana iya dunƙulewa a ciki ya toshe har sai an yi tiyata. A gidan da kare yake gara takin ruwa da ake surkawa a zuba, ka bi awon da aka rubuta a jikin roba, ka bari ya tsotse kafin karen ya shigo. Ɓawon koko da ake rufe saman ƙasa da shi yana ɗauke da tiyoburomin, sinadarin nan da ya sa cakulan yake cutar da kare, kar ka saya.

Maganin dodon koɗi mai metaldihaid yana cikin mafi haɗari, ƙwayoyinsa kamar abincin kare suke, yana sa karkarwa da zafin jiki da farfaɗiya cikin ɗan lokaci. Haka maganin ƙwari na gari da ake barbaɗawa a ƙasa shuka ta tsotsa, musamman mai disulfoton. In ƙwari sun dame ka fara da wanke ganyen da ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi, in dole sai an yi feshi a fita da tukunyar waje, ta bushe sarai sannan ta dawo. Buhun taki da robar magani a kabad mai makulli.

Ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashin tukunya ka riƙa zubarwa, kare yana sha. In ka ga lemar kwaɗi ta fito a tukunya cire ta da safar hannu ka rage ban ruwa. Don hana tono, yanka raga ka rufe saman ƙasar ko ka jera manyan duwatsu da suka fi ƙarfin bakinsa. Kar ka sa tsakuwa ƙanana ko ƙwallayen yumɓun nan na ado, haɗiye su yake yi su tsaya a hanji.

7. Koya masa "bari"

Ɗauki ɗan abinci ka dunƙule a hannu ka miƙa masa. Zai shinshina, ya lasa, ya kai ƙafa, kai dai kar ka buɗe. Da zarar ya janye kansa ka ce "bari" ka ba shi wani abin da ya fi daɗi daga ɗaya hannun. Minti 5 sau biyu a rana ya isa. In ya gane sai ka ajiye abincin a ƙasa ka rufe da tafin hannu, daga nan ka buɗe, daga ƙarshe ka gwada kusa da tukunyar shuka mara guba yana ɗaure da igiya. Da mara guba kawai ake gwaji.

Kar ka doke shi in ka dawo ka tarar ya yi ɓarna, ba zai haɗa dukan da abin da ya yi awa uku da suka wuce ba, abin da zai koya kawai shi ne ya riƙa ci a ɓoye. Ɗan kwikwiyo daga wata 3 zuwa wajen wata 7 haƙora yake canjawa, dasashinsa ƙaiƙayi yake, dole ya tauna wani abu, to ba shi abin taunawa nasa. Babban kare da ya dage wa fulawa kuma galibi zaman kaɗaici ne da rashin motsa jiki. Wanda yake son ɗanyen ganye ka shuka masa alkama a faffaɗar tukunya, cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ta fito, ka ajiye nesa da sauran. Feshin ɗaci da ake sayarwa yana aiki ga wasu karnuka, wasu ko a jikinsu, don haka kar ka dogara da shi. Horon nan ma kansa ƙari ne kawai, in ba ka gida ƙofa ce take tsare shi.

8. In ya riga ya ci

Tun yau ka sa lambar likitan dabbobi a wayarka, da ta wurin da suke karɓar gaggawa da dare, ka kuma san nauyin karenka a kilo domin shi za a fara tambayarka.

In abin ya faru, janye shi daga wurin, buɗe bakin a hankali ka ciro ragowar ganye, ka kula domin kare mai jin zafi yana iya cizon ko mai shi. Goge bakin da jiƙaƙƙen tsumma ko ka ɗauraye da ruwa daga gefe, kansa yana kallon ƙasa don kar ya shaƙe. In farin ruwan Euphorbia ne ya shiga ido, wanke da ruwa mai tsabta na kamar minti 15. Daga nan kira likita ka faɗa masa sunan shukar, wane ɓangare ya ci, kamar yaya yawansa, ƙarfe nawa, da abin da kake gani a jikinsa. Ga amfanin lambobin da ka rubuta a mataki na 1.

In kashi na farko ne, ko ba ka san shukar ba, kar ka jira alama, ɗauke shi ku tafi ko da yana wasansa lafiya lau. Aman da likita zai sa kare ya yi ya fi amfani a cikin awa 1 zuwa 2 na farko, bayan nan gubar ta riga ta wuce ciki. Tafi da reshen shukar a leda, in ya yi amai ɗebi kaɗan a wata ledar. In kashi na biyu ne kuma likita ya ce a kula da shi a gida, ajiye masa ruwa mai sanyi, ga masu allurar okzalet ɗan yogot mara sukari yana rage zafin baki in likitan ya yarda. Amma ko wane kashi ne, in ka ga numfashi da ƙyar, harshe ko fuska ta kumbura, amai ya ƙi tsayawa, jini a amai ko kashi, tangaɗi, karkarwa, dasashi ya yi fari ko ɗorawa, to asibiti kai tsaye.

Gargaɗi mafi girma a wannan matakin: kar ka ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, gishirin kansa yana iya kashe shi. Kar ka tura masa yatsa a maƙogwaro, kar ka ɗura masa mai, yana iya sarƙewa ya shiga huhu. Ruwan haidirojin na wanke ciwo da wasu ke ba wa kare don amai, sai in likita ne ya ce a ba shi kuma ya faɗi awon, kuma ba a ba wa karen da ya galabaita ko yake karkarwa ko mai gajeren hanci. Gawayin da likitoci suke bayarwa na musamman ne da aka sarrafa, gawayin girki ba ya wannan aikin. Maganin ciwon jiki na mutane irin ibufurofen da farasitamol kuma kar ka kusanta masa da su da ra'ayin kanka, za ka ƙara masa wata gubar ce a kan ta farko.

In kun dawo daga asibiti, kafin ka sako shi cikin gida koma wurin da abin ya faru ka share, ka cire tukunyar, sannan ka riƙa duba dasashinsa da cin abincinsa da kashinsa safe da yamma har kwana 3, in likita ya ce a dawo gwajin jini na hanta ko ƙoda ka koma ranar da ya faɗa ko da karen ya koma guje-gujensa.